Ku Tambayi Anti: Yarinta a sabbin unguwannin wajen birni a Amurka ta shekarun 1950

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Wasiƙu ne suka taru min kusan duk a kan abu ɗaya, wato irin tasowar da yara suka yi a sabbin unguwannin da aka gina a wajen biranen Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, sai na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa. Kamar kullum na cire sunaye, wasu wasiƙun kuma na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Salam Anti, sannu da ƙoƙari. Ni aikina kula da tsofaffi ne a nan Amurka, akwai wata tsohuwa baturiya da nake zuwa gidanta sau huɗu a sati, a 1948 aka haife ta, yanzu mantuwa ta fara kama ta, abin da ta ci da safe ba ta tunawa amma in ta ɗauko labarin yarintarta a wata unguwa wai ita Levittown sai ta kwashe awa biyu ba ta gaji ba. Wai yaran layinsu sun fi arba'in, wai da safe uwa buɗe ƙofa kawai take ta ce ku fita kar in gan ku sai lokacin cin abinci, wai ba a kulle gida, mai madara na ajiye kwalabe a bakin ƙofa tun da asuba. Ni dai eh eh kawai nake ce mata amma a raina ina ganin kamar daɗin baki ne irin na tsofaffi. Dan Allah gaskiya ne ko ƙari take yi?

AMSA: Wa alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, kula da tsoho ba ƙaramin haƙuri yake so ba. Tsohuwar nan ba ƙarya take miki ba, kuma in kin san yadda aka yi unguwar ta samu za ki ga dole ma yaran su kai arba'in.

Amurkawa wajen miliyan 16 ne suka sa kakin soja a yaƙin, da aka gama a 1945 suka dawo gida kowa aure yake so, ga shi tun karyewar tattalin arzikin shekarun 1930 ba a yi wani ginin kirki a ƙasar ba, sai ki ga ango da amarya da jariri sun cusu a ɗaki ɗaya a gidan surukai. A wannan hali ne wani magini William Levitt shi da babansa Abraham da ƙanensa Alfred suka saye gonakin dankali a Long Island, gabas da birnin New York, suka kasa aikin ginin gida kashi 27, kowane rukunin ma'aikata abu ɗaya tak yake yi, masu zuba siminti su zuba su wuce fili na gaba, kafintoci su biyo baya, masu fenti su biyo, haka ake ta tafiya layi bayan layi, da aikin ya kankama har gida wajen 30 suke gamawa a rana guda. Daga 1947 zuwa 1951 gida 17,447 suka tsayar a wurin da a da ba komai sai kunyoyin dankali, ita ce Levittown ɗin da tsohuwarki ke faɗa.

To ki duba su wa suka tare a ciki. Kusan duk matasa ne sababbin aure, sa'annin juna, sun shigo a shekara ɗaya ko biyu, kuma lokacin ne Amurka ta yi haihuwar da ba ta taɓa yin irinta ba, tsakanin 1946 da 1964 jarirai wajen miliyan 76, a 1957 kaɗai miliyan 4.3. Layi ɗaya mai gida ashirin, kowane gida yara biyu uku huɗu, ai arba'in ɗin ma ta yi sauƙi. Makarantu da yawa a irin waɗannan unguwanni sai da suka raba yara, wasu su zo da safe wasu da rana, saboda ajujuwa ba su isa ba.

Gidan kansa ƙarami ne fa, kar ki ɗauka wani katafaren abu ne. Ɗakin kwana biyu, falo, kicin, banɗaki ɗaya, sai wani wuri a sama ƙarƙashin rufi da aka bari ba a ƙarasa ba, in yara sun ƙaru uba ya sayo katako ya mayar da shi ɗaki da hannunsa a ranakun Asabar. A gidajen farko kicin ɗin a gaba aka sa shi, tagarsa na kallon titi, uwa na wanke-wanke tana hango yara. An binne bututun ruwan zafi a cikin simintin ƙasa, don haka da sanyi daɓen ɗakin ɗumi yake yi, yara su kwanta a ƙasa su yi wasa. Sannan akwai dokokin kamfanin: ba a yin shinge tsakanin gida da gida, dole a yanke ciyawa duk sati lokacin da take tsiro in ba haka ba kamfani ya turo a yanke ya aiko maka da takardar kuɗi, kuma ba a shanya a waje ranakun ƙarshen mako. Wannan doka ta hana shinge ita ce ta yi wa yara rana, don filayen da ke bayan gidajen duk sun haɗe sun zama fili ɗaya dogo, yaro zai fita daga ƙofar gidansu ya yi gudu ya wuce gida goma ba abin da ya tare shi, kuma kowace taga akwai uwar wani da ta san shi ta san uwarsa.

Lokacin da na zauna a jihar New York na yi maƙwabtaka da wani dattijo da ya tashi a irin wannan unguwa, wata rana ya ɗauko min wani ɗan hoto mara kala duk gefensa ya lanƙwashe, yara goma sha ɗaya a zaune a bakin titi, uku da hular kaboyi, ɗaya ba haƙoran gaba, kekuna a yashe a kan ciyawa, bishiyoyin da ke bayansu ko tsayin mutum ba su kai ba don lokacin aka dasa su. Ya sa yatsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya da lambar gidan kowa, bayan shekara hamsin da wani abu bai manta ko ɗaya ba. Ya ce in suka ji ƙararrawar motar askirim ta Good Humor daga layin baya, kowa gida yake rugawa neman 'yan sulalla. Da ya zo kan yaro na biyun ƙarshe sai ya yi shiru, can ya ce wannan yaƙin Biyetnam ya tafi bai dawo ba.

Maganar talabijin ma za ki ji ta a bakinta. A 1950 gida 9 cikin 100 ne ke da ita a Amurka, zuwa 1960 kusan gida 9 cikin 10, to su yaran wannan zamani a gabansu abin ya faru, gidan da ya fara saya nan yaran layi ke taruwa da yamma su cika falo.

Shawarata ki daina eh eh ɗin nan, ki riƙa tambayarta. Ki ce Mama wane launi ne kicin ɗinku, wa ya gyara ɗakin sama, ina kuke zuwa iyo da zafi, don kamfanin ya gina musu wuraren ninƙaya a unguwar. Mai mantuwa irin tata tsohon abu ne ke daɗewa a kansa, kuma in ta ga kina son ji da gaske za ki ga yadda fuskarta za ta saki. Abin da za ki riƙe kawai shi ne labarin yarinya 'yar shekara takwas take ba ki, abin da idonta ya kai gare shi a lokacin. Akwai abin da manyan gidan suka sani ita ba ta sani ba, kuma sauran wasiƙun nan a kansa suke.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda ake cewa mutum ɗaya ma'aikacin masana'anta ko direban bas zai sayi gida da mota ya riƙe mata da yara huɗu da albashinsa shi kaɗai. Ni da madam duk aiki muke a nan amma haya ma da ƙyar. Su wane sirri suke da shi?

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa, Allah ya buɗa. Ruwa ba ya tsami banza, hannun gwamnati ne a ciki dumu-dumu. Kafin shekarun 1930 in kana son bashin gida a Amurka sai ka ajiye kuɗi mai yawa, wani lokaci har rabin kuɗin gidan, sauran kuma ka biya cikin 'yan shekaru. A 1934 aka kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ta tsaya wa bankuna cewa in mai bashi ya gaza ita za ta ɗauki asarar, sai bankuna suka saki jiki suna ba da bashi mai dogon zango. Sannan a watan Yuni 1944 shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ake kira GI Bill, wadda ta ba tsohon soja damar karatu a kuɗin gwamnati da bashin gida ba tare da ya ajiye ko sisi ba, kuɗin ruwa kashi 4 cikin 100.

Yi lissafi da kanka. Gidan Levittown a 1949 dala 7,990 ne, biyan wata-wata bai wuce dala 60 ba, kusan daidai da hayar da aka fara ba da gidajen, ga firji ga murhu ga injin wanki duk a ciki. Iyali mai matsakaicin samu a 1950 na samun wajen dala 3,300 a shekara. Kenan gidan bai kai samun shekara biyu da rabi ba. Ga aiki kuma, don yaƙin ya ragargaza masana'antun Jamus da Japan da Ingila, na Amurka ko ƙwarzane babu, duniya a wurinta take sayayya. A kusa da Levittown ɗin ma akwai kamfanonin ƙera jiragen sama irin su Grumman da Republic suna ɗaukar dubban mutane, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ƙasar 'yan ƙungiyar ƙwadago ne, albashi na tashi. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi mil 41,000, sai zama nesa da wurin aiki ya zo da sauƙi. Masu mallakar gida a 1940 kashi 44 ne cikin 100, zuwa 1960 sun kai 62.

Amma fa kar ka raina ƙoƙarinka ka ɗauka sun fi ka iya tattali. Gidan nan bai kai murabba'in mita 75 ba, mutum shida banɗaki ɗaya, mota ɗaya, kayan wa ƙane ke gada, cin abinci a waje sai da dalili. Kuma ba kowa ya samu ba, a 1959 sama da kashi 22 cikin 100 na Amurkawa cikin talauci suke, su ba a cika jin labarin yarintarsu a talabijin ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Matata baƙar fatar Amurka ce, rannan muna gidan iyayenta ana nuna wani shiri a kan shekarun 1950, gidaje a jere, ciyawa shar, yara a kan keke, ni kuma cikin rashin sani na ce kai wannan zamani ya yi daɗi. Wallahi surukina bai ce min komai ba, tashi kawai ya yi ya bar falon, ranar har muka tafi bai sake sakin fuska ba. Matata ta ce in bar maganar. Ni kuma abin na damuna don mutum ne mai kirki kuma yana sona. Me na faɗa da ya yi zafi haka?

AMSA: Ɗana, ka taɓa masa tsohon miki ne ba ka sani ba, kuma na ji daɗi da ka damu har ka tambaya. Waɗannan gidaje da ka gani a jere an gina su ne da sharaɗin kada irinsa ya shiga. A takardar yarjejeniyar gidajen Levittown na farko an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a yarda wanda ba farar fata ba ya zauna a gidan, sai dai in ɗan aiki ne. A 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa kotu ba za ta tilasta bin irin wannan sharaɗi ba, daga baya aka cire shi daga takarda, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙar fata. Ita kanta hukumar FHA da na ambata a sama, ƙa'idojinta sun ɗauki unguwar da baƙar fata ke ciki a matsayin wurin da bashi zai iya nutsewa, akwai taswirorin birane da aka shafa wa unguwanninsu jan launi, banki ya ga ja ya rufe ƙofa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na sojojin. Baƙar fata sama da miliyan ɗaya sun yi aikin soja a yaƙin nan, dokar GI Bill a rubuce ta haɗa da su, amma gwamnati tsaya maka kawai take, bankin garinku ne zai ba ka kuɗin, in ya ce a'a shikenan. Wani bincike da aka yi a biranen jihar Mississippi a 1947 ya gano cewa cikin bashi sama da 3,200 da aka ba tsofaffin sojoji da lamunin gwamnati, biyu kacal ne suka je hannun baƙar fata. Biyu fa.

A watan Agusta 1957 wani tsohon soja baƙar fata William Myers da matarsa Daisy suka sayi gida daga hannun wani mai shi a Levittown ta biyu, wadda ke jihar Pennsylvania, suka tare da ƙananan yaransu. Ɗaruruwan mutane suka riƙa taruwa a ƙofar gidan dare bayan dare, ana ihu ana jifa har aka fasa musu taga, motoci na zagaye layin suna hon, sai da aka turo 'yan sandan jiha. Maƙwabtan da suka tsaya musu, wani iyali na Yahudawa, an ƙona musu gicciye a filin gidansu don tsoratarwa. Ka tuna wannan fa a layi ne irin wanda ka gani a talabijin, ciyawa shar, kekuna a waje, kuma cikin masu taruwar har da matasa da iyaye riƙe da yara. Iyalin Myers sun daure sun yi wajen shekara huɗu a gidan. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya wajen sayar da gida ko ba da haya a duk ƙasar, lokacin kuma gidajen sun riga sun yi tsada.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Gidan da aka saya dala dubu takwas yau kuɗinsa dubban ɗaruruwa ne, da shi aka ci bashi aka kai yara jami'a, shi aka bar wa jikoki gado. Wanda aka hana saye kuwa sai ya zauna a haya shekara talatin yana biyan kuɗin da sau da yawa ya fi na mai gidan, ya mutu ba abin da ya bari. In surukinka a wancan zamani ya tashi, mai yiwuwa ya ga babansa ya dawo daga banki ko ofishin dillalin gidaje ya zauna ya yi tagumi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kar ka je da dogon bayani. Ka bari sai kun keɓe ku biyu, ka ce Baba rannan na yi magana a kan abin da ban sani ba, ka yi haƙuri, ina so in ji yadda kuka taso. In ya yi shiru ka bar shi. In ya buɗe baki za ka ga shi ma yana da nasa labarin masu daɗi, don yaran baƙar fata ma sun yi wasa a layi har dare, sun yi maƙwabtan da ke tsawata wa ɗan kowa, har akwai sabbin unguwannin da aka gina dominsu kamar Pontchartrain Park a New Orleans da aka buɗe a tsakiyar shekarun 1950. Jikokinsa 'ya'yanka ne, ya kamata su ji daga bakinsa.

TAMBAYA: Anti ni tambayata gajeriya ce, iyayen mata fa? Kullum a hoto suna murmushi da atamfar kicin a ɗaure, da gaske haka suke cikin jin daɗi?

AMSA: Ƙanwata wasu sun ji daɗi da gaske, matar da ta tashi cikin yunwar shekarun 1930 ta wayi gari da gidanta da firjinta da injin wanki ba za ki ce mata ba ta samu ba. Amma ki lissafa ranarta. A tsakiyar shekarun 1950 rabin 'yan mata kafin su wuce shekara 20 da 'yan watanni sun yi aure, da yawa sun bar karatu ko aikin da suka yi lokacin yaƙi. Miji ya ɗauki motar ya fita tun bakwai na safe, ita da yara uku ƙanana a unguwar da ba uwarta ba yayarta ba kakar yara, duk an baro su a cikin birni, kanti ma da nisa. Shi ya sa suka riƙe juna, shan kofi a kicin ɗin maƙwabciya da hantsi, taron sayar da robobin Tupperware a falo, ki riƙe min nawa in riƙe miki naki. Wasu kuma kaɗaici ya ci su a ɓoye, a 1955 aka fito da ƙwayar kwantar da hankali mai suna Miltown, ta yi kasuwa ba kaɗan ba. Ga mazan da suka dawo daga yaƙi da abin da ba sa iya faɗa, wani ya koma shiru wani ya koma kwalba, kuma ba a kai ƙara, ba a faɗa wa maƙwabta. Mace mai aure banki na iya ƙin ba ta bashi ko katin bashi sai da sa hannun miji, sai a 1974 doka ta hana haka. Yaran da suka girma da yawa sai bayan sun haifi nasu suka gane dalilin da ya sa Mama ke daɗewa tsaye a bakin taga.

TAMBAYA: Salam Anti, ni ɗaliba ce. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda iyaye ke sakin yara haka tun safe har yamma. Ba su da tsoro ne ko kuwa ba haɗari a lokacin?

AMSA: 'Yata haɗari kam akwai, sai dai inda tsoronsu yake daban ne. Abubuwa da yawa da yau za su tayar wa uwa hankali su ko a jikinsu. Yara biyar a bayan mota ba bel, don sai a 1968 dokar tarayya ta wajabta sa bel a sababbin motoci. Uba na tuƙi yana busa sigari gilashi a rufe, a tsakiyar shekarun 1960 manya sama da 40 cikin 100 na shan taba. Da zafi motar feshin sauro za ta bi layi tana tuttular da farin hayaƙin DDT, yara su bi ta a kan keke suna shiga cikin hayaƙin don daɗi, maganin da aka zo aka hana amfani da shi a 1972. Dattijon maƙwabcina da na ba da labarinsa ya ce har gasa suke a ga wa zai fi daɗewa a ciki, yana faɗa yana girgiza kai.

Abin da ke hana iyaye barci shi ne shan inna. Da zafi take zuwa, lokacin hutu, kuma yara ta fi kamawa. A 1952 mutum kusan 58,000 ta kama a Amurka, sama da 3,000 suka mutu, sama da 21,000 ta bar su da shanyewar jiki. In ta ɓulla a gari sai a rufe wurin iyo, a hana yara zuwa silima, yaro ya ce wuyansa ya ƙage uwa ta rikice. Wanda ta taɓa wa numfashi a sa shi cikin wani dogon injin ƙarfe kamar ganga, kansa kaɗai ke waje, injin ke ja masa numfashi. Kusan kowace makaranta akwai yaron da aka dawo hutu aka gan shi da ƙarfe a ƙafa, ko ba a gan shi ba sam. Ranar 12 ga Afrilu 1955 aka sanar cewa allurar rigakafin Jonas Salk ta yi aiki, har ƙararrawar coci aka kaɗa a garuruwa, iyaye na kuka don murna.

Na biyu bam. Tun da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin nukiliya a 1949, makarantu suka fara koya wa yara in an busa jiniya su shige ƙarƙashin tebur su rufe kai da hannu, yaro ɗan shekara shida a durƙushe yana kallon cingam ɗin da aka manna a ƙasan teburinsa yana jiran malama ta ce a fito. Wasu iyayen har rami suka haƙa suka cika da abincin gwangwani. A Oktoba 1962 lokacin rikicin Amurka da Sobiyet kan makamai masu linzami da aka girke a Kyuba, kwana goma sha uku manya na manne da talabijin suna magana ƙasa-ƙasa, yara sun ga tsoro a fuskar iyayensu ƙarara. Bayan shekara ɗaya, ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 1963, aka harbe shugaba Kennedy ana tsakiyar karatu, makarantu da yawa suka sallami yara, suka iso gida suka tarar da iyaye mata na kuka a gaban talabijin. Duk wanda ya tashi a lokacin da na taɓa tambaya ya san ajin da yake zaune da malamar da ta faɗa musu.

'Yar'uwata mai wasiƙar farko, tsohuwarki shekara shida ko bakwai take da shi lokacin allurar Salk, kenan da wuya in ba ta cikin yaran da aka jera a makaranta hannun riga a naɗe. A farkon shekarun 1960 kuma aka zo da na ɗigawa a baki, na Albert Sabin, ana ɗiga shi a kan ƙwayar sukari, iyali gaba ɗaya su je makaranta ranar Lahadi su bi layi kowa a miƙa masa tasa a ɗan kofin takarda. Ki tambaye ta wanne ta tuna, allurar ko sukarin, ki rubuto mana abin da ta ce.